Daga Ƙurƙur Zuwa Carrack: Tarihin Sunan Wani Jirgi, Daga Bakin Kogin Shari

Birnin Njamena, fadar ƙasar Chadi, yana zaune ne a inda kogin Logon yake zuba cikin kogin Shari, yana fuskantar garin Kuseri na Kamaru da ke ɗaya gaɓar. Tsakaninsa da teku tafiya ce mai nisa, domin motar dakon kaya takan ci fiye da kilomita 1,500 kafin ta isa tashar jiragen ruwa ta Duwala. Duk da haka, wanda ya tsaya a bakin ruwan zai ji ana kiran abin hawa guda ɗaya da suna uku. Bahaushe ya ce jirgi ko kwale-kwale, mai Larabcin Chadi ya ce markaba, mai Faransanci ya ce pirogue. Kowane suna yana da hanyar da ya biyo. Markaba ta fito daga tushen Larabci mai ma'anar hawa, tushen da ya ba da rakibi, wato mahayi. Ita kuwa pirogue, Faransawa sun karɓo ta daga Sifaniyawa, su kuma sun ji ta a bakin mutanen tsibiran Karibiyan bayan tafiye-tafiyen Kolumbus.

Wannan nazari ya ɗauki suna ɗaya daga cikin sunayen jiragen ruwa na Ingilishi, wato carrack, ya bi sawunsa har inda hujja ta tsaya, sannan ya dawo bakin Shari domin a ga abin da ɗalibin Hausa zai ƙaru da shi. Dalilin zaɓen wannan kalma shi ne, masana ba su haɗu a kan asalinta ba, kuma saɓanin nasu yana koyar da hanyar binciken asalin kalmomi fiye da yadda kalma mai asali bayyananne za ta koyar.

Jirgin da ake kira carrack

Carrack babban jirgin fatauci ne na katako wanda iska ke turawa. Ya bunƙasa a ƙarni na 14 da na 15 a hannun maƙeran jiragen Jenowa ta Italiya da na Fotugal da Sifen. Yana da faɗin ciki da zurfi, yana da jigo uku ko huɗu da ake ɗaura manyan zannuwan kama iska a kansu. Na gaba masu kusurwa huɗu ne, na baya kuma mai kusurwa uku, irin wanda aka saba gani a Bahar Rum. A goshinsa da ƙeyarsa akwai gini mai tudu kamar soro, inda mayaƙa ke tsayawa idan 'yan fashin teku suka kawo hari. Abin da ya fifita shi a kan jiragen da suka gabace shi shi ne yana iya ɗaukar kaya da guzuri da ruwan sha na watanni, ya kuma jure wa manyan igiyoyin ruwa na Tekun Atilantika.

Da irin wannan jirgi aka yi tafiye-tafiyen da suka sauya taswirar ciniki ta duniya. Santa Maria, jirgin Kolumbus na shekarar 1492, irinsa ne. Haka Sao Gabriel, wanda Vasco da Gama ya kewaya kudancin Afirka da shi ya isa Indiya a 1498. Haka kuma Victoria, jirgi ɗaya tilo da ya dawo Sifen a 1522 daga cikin biyar ɗin da Magellan ya tashi da su a 1519, bayan ya kewaye duniya. Wani abin lura shi ne, su masu jiragen sun fi kiran su nau a Fotugal, nao a Sifen, wato jirgi kawai. Baƙi ne, musamman Ingilishi da Faransawa da mutanen Holan, suka riƙe ɗaya sunan. Sau da yawa haka suna yake: na waje ne ke raɗa shi, na gida ba ya bukatarsa.

Kalmar ta bayyana a rubuce cikin Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14, kuma marubucin nan Chaucer ya yi amfani da ita a cikin hikayoyinsa na Canterbury. Ingilishi sun san jirgin ido da ido, domin a yaƙin ruwa da aka gwabza kusa da Harfleur a 1416 sun ƙwace wasu jiragen Jenowa irin wannan da Faransa ta ɗauko haya. A 1592 kuma suka kama Madre de Deus na Fotugal kusa da tsibiran Azores, yana dawowa daga Indiya maƙare da barkono da kanumfari da kirfa da alharini, suka ja shi zuwa Dartmouth. Shakespeare ya ambaci kalmar a wasan Othello. Daga baya wani sabon samfuri mai suna galleon, wanda ya fi shi sauri da dacewa da igwa, ya ture shi, sunan ya koma cikin littattafan tarihi.

Sawun da ba a jayayya a kansa

Mataki na farko a bayyane yake. Ingilishi ya ari kalmar daga tsohon Faransanci, inda take caraque. Faransanci kuma ya samo ta daga harsunan bakin Bahar Rum: carraca a Sifaniyanci da Latin na tsakiyar zamani, caracca a Italiyanci. Har nan sifar kalmar ta dace, ma'anarta ta dace, zamani ya dace, an kuma san hanyar cuɗanya, wato fataucin Jenowa zuwa tashoshin Ingila da Filandas. Daga wannan gaɓa ne hanya ta rabu uku.

Ra'ayi na farko: ƙurƙur

Mafi yawan ƙamusoshi suna mayar da kalmar ga Larabci, ga ƙaraƙir, jam'in ƙurƙur, wato dogon jirgin ruwa ko jirgin fatauci. Ɗaliban hadisi sun san wannan kalma, domin ta zo a cikin Sahihu Muslim, a ƙissar yaron nan da sarki da boka, inda aka sa yaron a jirgi aka nufi tsakiyar teku da shi. Sunan jirgin a wurin shi ne ƙurƙur. Wannan ya nuna kalmar ta daɗe a Larabci, tun kafin a ƙera carrack na farko da ɗaruruwan shekaru.

Sai dai ita ma ƙurƙur baƙuwa ce a Larabci. Ana danganta ta da kerkouros ta Girkanci, wadda Latin ya ara ya mai da ita cercurus. Masanin tarihi Herodotus ya lissafa jirage masu wannan suna a cikin rundunar ruwa ta Sarkin Farisa da ta nufi Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, marubucin Rum Pliny kuma ya ce mutanen tsibirin Kubrus ne suka ƙirƙiro su. A Masar ta zamanin sarakunan Girkawa, takardun da suka saura sun nuna ana kiran manyan jiragen dakon hatsi na kogin Nilu da wannan suna. Idan ra'ayin ya tabbata, to kalmar ta tashi daga Girkanci ta shiga Larabci, ta zauna ƙarnoni, sannan ta sake tsallaka Bahar Rum ta koma Turai da sabuwar kama.

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya jam'i zai zama tilo? Amsar tana cikin Hausa kanta. Mala'ika a Larabci jam'i ne, tilonsa malak, amma Bahaushe ya karɓe ta a matsayin tilo, ya ƙera mata nasa jam'in, mala'iku. Mai aro ba ya duba nahawun mai kaya, abin da kunnensa ya fi yawan ji shi yake ɗauka. Irin wannan ya faru da makhazin, jam'in makhzan, wato rumbun ajiya, wadda Italiyanci ya mai da magazzino, Faransanci ya mai da magasin, daga nan Hausar Nijar ta samu mangaza. Saboda haka zaman ƙaraƙir jam'i ba ya rushe ra'ayin. Rauninsa yana wurin sauti ne: dole a bayyana yadda gaɓar ƙarshe ta ƙaraƙir ta faɗi, wasalin a ya maye gurbinta.

Ra'ayi na biyu: lodin kaya

Wasu masana sun ce babu bukatar a je Larabci. A Latin na baya-baya akwai aikatau carricare, wato loda kaya, wanda ya fito daga carrus, keken dakon kaya, kalmar da Rumawa suka ara daga mutanen Gaul, tsohuwar ƙasar Faransa. A wannan ra'ayi, carraca na nufin jirgin lodi. Ma'ana ta zauna daram, tunda aikin jirgin ke nan. Abin da ya rage shi ne wasalin tsakiya, domin kalmomin da suka fito daga wannan aikatau, irin carico ta Italiyanci, suna riƙe da wasalin i ko su yar da shi, ba su cika mai da shi a ba.

Wannan tushe na Latin yana da jikoki a cikin Hausar yau, ko da ba a lura da su ba. Daga carricare Faransanci ya samu charger, Ingilishi ya samu charge, Hausa ta samu caji da caja, har ana cewa waya ba ta da caji. Daga gare shi Ingilishi ya samu carry da carrier, Hausa ta samu kariya, wato mazaunin kaya na bayan keke. Karusa kuwa, keken doki, ta biyo ta Larabcin Arewacin Afirka ne daga carrozza ta Italiyanci, ita ma jikar carrus ce. A titunan Njamena ana kiran ƙananan motocin haya car, da lafazin Faransanci, kuma tushen ɗaya ne. Idan ra'ayi na biyu ne daidai, to jirgin Vasco da Gama da cajar waya da ke kasuwar Kantin Kwari dangi ne, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ra'ayi na uku: harraƙa

Akwai kuma masu kawo harraƙa, wata kalmar Larabci daga tushen ƙonewa, wadda ke nufin jirgin yaƙi mai jefa wuta, daga baya kuma ta zama sunan jiragen shaƙatawa na sarakuna, irin waɗanda Halifa Al-Amin ya yi yayi a kogin Dijla na Bagadaza. A nan sauti ya fi dacewa, ga r mai ƙarfi ga wasalin ƙarshe. Amma baƙin farko ba kasafai yake komawa k a harsunan Turai ba, kuma jirgin wuta ko na shaƙatawa ya yi nisa da jirgin fatauci. Don haka kowane ra'ayi yana da inda ya tsaya da ƙafa biyu da inda yake ɗingishi. Ba abin mamaki ba ne kuma idan kalmomi biyu sun haɗu a bakin matuƙan tashoshin Bahar Rum, ɗaya ta ba da ƙashi, ɗaya ta gyara mata kama, kamar yadda yakan faru a duk inda harsuna suka cakuɗa a kasuwa.

Sunan bai tsaya nan ba. A Holan ya zama kraak. A watan Fabrairu na 1603, jiragen Holan suka ƙwace Santa Catarina na Fotugal kusa da Singafo, aka yi gwanjon tangaran ɗin Sin da ke cikinsa a Amsterdam, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne daga sunan irin waɗannan jirage aka samu sunan tangaran ɗin da ake kira kraak. Rigimar halaccin ƙwacen ce ta sa lauya Hugo Grotius ya yi rubutun da wani babinsa ya fito a 1609, mai da'awar cewa teku ta kowa ce.

Abin da jirgin ya kawo wa ƙasar Hausa

Babu carrack da ya taɓa kusantar Kano ko Katsina, amma kayan cikinsa sun iso. Bayan Fotugal ta gina sansanin Elmina a 1482, ta kuma isa Benin a cikin shekarun da suka biyo baya, wani ɓangare na cinikin zinariya da bayi ya karkata daga Sahara zuwa bakin teku. Jiragen da ke dawowa daga Indiya sukan cika ƙasansu da wurin tsibiran Maldives domin ya ba su nauyi, sannan a sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Jiragen Holan da na Ingila suka ci gaba da wannan ciniki bayan na Fotugal. Daga bakin teku wuri ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nupe, ya zama abin saye da sayarwa a kasuwannin Hausa a ƙarni na 18, ya isa Borno a tsakiyar ƙarni na 19. Kalmar kuɗi kanta ita ce jam'in wuri. Ashe duk wanda ya ce ba shi da ko wuri, yana ambaton kayan da suka ratso teku biyu a cikin jiragen da kakanninsa ba su taɓa gani ba.

Jiragen da suka zo Tafkin Chadi a kan raƙumi da kan mutane

Mutanen tafki da kogi suna da nasu jiragen tun fil azal. Kotoko, mazauna Kuseri da Gulfe da Logon Birni, sun shahara da manyan jiragen su da ake haɗawa da alluna a ɗinke da igiya. Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, suna ɗaure damman ciyawar papirus su yi jirgi mai ɗagaggen goshi da ake kira kadai. Harsunan waɗannan al'ummomi biyu 'yan'uwan Hausa ne a cikin iyalin harsunan Chadi, iyalin da masana suka raɗa wa sunan tafkin.

Jirgin Turai na farko da ya hau tafkin ta hamada ya biyo. Ayarin James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg ya tashi daga Tarabulus a 1850 da wani jirgin katako da aka ƙera a Malta, aka raba shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma. Bayan ya ratsa Murzuk da Gat da ƙasar Azbin, aka harhaɗa shi a bakin tafki kusa da Kukawa a 1851, aka sa masa suna Lord Palmerston. Overweg, wanda ya riga ya ziyarci Maraɗi da Gobir, ya yi makonni yana yawo da shi a tsakanin tsibiran Buduma, ya kuma rasu a Maduwari a watan Satumba na 1852. Wannan tafiya tana da alaƙa ta kusa da nazarin Hausa. Overweg ne ya 'yantar da yara biyu, Dorugu da Abbega, waɗanda Barth ya tafi da su Turai a 1855. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, kuma daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta labarai masu yawa da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885, bayan ƙamusunsa na 1876.

Na biyu shi ne jirgin da ya haifi birnin kansa. Bafaranshe Émile Gentil ya taso daga Kwango da wani ƙaramin jirgin ƙarfe mai tafiya da tururi, mai suna Léon Blot. Aka kwance shi gunduwa-gunduwa, 'yan dako suka ɗauke shi a ka daga yankin kogin Ubangi zuwa ruwan da ke gangarowa Shari. Bayan ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Bagarmi Gauranga, Gentil ya shiga Tafkin Chadi ranar 1 ga Nuwamba, 1897. A lokacin Rabeh ne ke riƙe da Borno, yana zaune a Dikwa. Rundunonin Faransa uku, ɗaya daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram, ɗaya daga yamma ta Nijar, ɗaya kuma ta Gentil daga kudu, suka haɗu a Kuseri. Ranar 22 ga Afrilu, 1900 aka gwabza, Rabeh ya faɗi, kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Gentil ya kafa sansani a ɗaya gaɓar ya kira shi Fort-Lamy. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Njamena, daga sunan wani ƙauyen Larabawa da ke kusa, wanda ake fassarawa da wurin hutawa.

Hausawa sun zauna a sabon garin tun farkonsa, domin yana kan hanyar alhazai masu tafiya a ƙasa. Daga Kano zuwa Maiduguri, a yi fito a Kuseri, a nufi Abeshe da Alfashir da El-Obeid, har Sawakin ko Port Sudan, inda za a shiga jiragen iska na Larabawa a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawa sun yada zango ba su ƙara gaba ba, kuma John Works ya rubuta tarihin al'ummominsu na Chadi a littafin da ya fito a 1976. A nan ne Bahaushe ya ji Larabawan Chadi suna kiran kogi bahar, kalmar da shi ya sani da ma'anar teku, har wata tsohuwar unguwar birnin ana ce mata Jambal Bahar, wato gefen kogi.

Yadda Hausa ta yi da nata jirgin

Ingilishi ya tara sunaye barkatai na jiragen ruwa, galibinsu na aro, saboda rayuwar masu shi a kan teku take. Hausa ta bi wata hanya: ta riƙe kalma ɗaya ta yi ta faɗaɗa ma'anarta ta hanyar harɗaɗɗen suna. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, abin da ke gudu a kansa ya zama jirgin ƙasa. Da jiragen sojan Ingila suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, aka ce jirgin sama. Sai asalin mai sunan ya bukaci a bambanta shi, ya zama jirgin ruwa. Daga baya aka samu jirgi mai saukar ungulu da jirgi maras matuƙi. Aikatau tuƙa, wanda aikin mai filafili ne a cikin ruwa, shi ma ya bi jirgi ya hau tudu, har matuƙi ya zama sunan direban mota da na jirgin sama. A Njamena an san jirgin sama tun da wuri, domin a Yaƙin Duniya na Biyu Fort-Lamy zango ne a hanyar jiragen yaƙi daga Takoradi ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Jirgin ƙasa kuwa bai taɓa isa ba, tunda Chadi ba ta da layin dogo.

Kama da wane ba wane ba ne

A nan ne tarko yake. Ɗalibin da ya ji ƙurƙur zai iya tuna kwale-kwale, ya ga ninki a nan ninki a can, ga ma'ana ɗaya, ya yanke hukuncin cewa daga Larabci aka aro ta. Kafin a karɓi irin wannan da'awa, sai ta amsa tambayoyi huɗu. Shin sautukan sun sauya bisa ƙa'idar da aka gani a wasu kalmomi? Shin ma'ana ta dace? Shin zamani ya ba da dama? Shin akwai hanyar da masu harsunan suka haɗu? Ƙa'idar sauti a nan sananniya ce. Harafin ƙaf na Larabci, idan kalma ta shigo ta hanyar malamai da littattafai, yakan zama ƙ ko k, kamar a alƙalami da alƙali da alkama da kabari. Idan ta shigo ta bakin fatake masu karin Larabcin Sudan da Chadi ko na hamada, yakan zama g, kamar a gahawa, wadda daga baya 'yar'uwarta kofi ta same ta ta hanyar Ingilishi. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin biyu da ke kai ƙurƙur ga kwale-kwale. Ninki kuwa tsari ne na Hausa na gida, kamar a tsalle-tsalle da guje-guje, ba ya bukatar a nemo masa uba a waje.

Tarihin Chadi ya ba da misalin da ya dace da wannan gargaɗi. A 1969 Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, ya bi ta Fort-Lamy zuwa Bol ya ɗauko maɗauran jirgi na Buduma, tare da Abdullah Djibrine wanda ya zama ɗaya daga cikin matuƙa bakwai. Suka ɗaure jirgin papirus mai suna Ra a kusa da dalar Giza, da ciyawar da aka kawo daga Tafkin Tana na Habasha. Jirgin ya tashi daga Safi ta Maroko ranar 25 ga Mayu, ya ci mafi yawan faɗin Atilantika kafin ƙeyarsa ta nutse aka bar shi. A 1970 Ra na biyu, wanda mutanen Tafkin Titicaca suka ɗaure, ya isa Barbados. Tafiyar ta nuna cewa jirgin ciyawa zai iya tsallaka teku. Ba ta nuna cewa Misirawan da sun tsallaka ba, kuma masana tarihi ba su karɓi wannan da'awa ba. Haka asalin kalma yake: yiwuwa daban, tabbaci daban.

Inda hujja ta cika kuwa, sakamakon yakan fi ƙage ban mamaki. Alƙalami ya zo daga ƙalam ta Larabci, ita kuma daga kalamos ta Girkanci, wato kara, hanya iri ɗaya da wadda ake zaton ƙurƙur ta biyo. Takarda ta iso ta bakin Abzinawa daga charta ta Latin, daga khartes ta Girkanci, wato fallen papirus, ciyawar da Buduma ke ɗaure kadai da ita.

Kammalawa

Kalmomin ruwa suna rayuwa ne muddin aikin da ya haife su yana raye. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma a 1964 Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort-Lamy. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan faɗi. A yaƙin basasa na 1980, dubban mutanen Njamena a kwale-kwale suka tsere zuwa Kuseri. A rikicin Fabrairu na 2008, yawancin masu gudun ta gadar Ngeli suka bi. Gada ta rage aikin masu fito, injin ya rage aikin filafili da gwangwala, kuma sunayen sassan jirgi da na dabarun tuƙi suna bakin dattawa ne kawai a wurare da yawa.

An iya bin sawun carrack ne saboda akawun tashoshin Jenowa da marubutan Ingila sun rubuta ta, da shekara da wuri. Ɗalibin Hausa da ke Njamena ko Baga ko Yawuri ko Argungu yana da damar yin irin wannan hidima ga harshensa: ya zauna da masunta da sarakunan ruwa, ya rubuta kalma yadda aka furta ta, da karin sautinta da tsawon wasalinta, da sunan gari da ranar da ya ji ta, da abin da maƙwabta Kotoko da Barebari da Larabawa ke kiran abin. Wanda zai nemi asalin waɗannan kalmomi nan da shekara ɗari, da wannan rubutu zai yi aiki.